Fentin ruwa ko fentin mai: wanne ya dace da ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa?

Kan jirgin farko da na yi wa fenti har yau yana cikin wani gwangwanin biskit. Ban yar ba, ban kuma taɓa nuna wa kowa ba. Samfurin Class 37 ne, irin kan jirgin dizal ɗin da kamfanin English Electric ya ƙera wa Ingila guda 309 tsakanin 1960 da 1965. Na gaskiyar ya kusa mita 19, nawa kuwa bai cika santimita 13 ba, a tafin hannu yake kwanciya. Na hannu na saya, fentinsa ya koɗe, na ce bari in sabunta shi. Na samo burushi da ɗan gwangwanin shuɗin fenti na shafa masa har sau biyu. Da gari ya waye na ɗauko shi, sai na tarar ragar shan iska ta gefe ta toshe, layukan ƙofofi sun nutse, kan jirgin ya koma kamar sabulun da aka yi kwana uku ana wanka da shi.

Launin da na zaɓa daidai ne. Kauri ne ya kashe aikin, kuma lissafinsa ba wuya. Ma'aunin N na Ingila, wanda samfurin nawa yake kai, kashi ɗaya ne cikin 148 na jirgin gaske. Na Amurka da sauran ƙasashen Turai ɗaya cikin 160 ne, na Japan ɗaya cikin 150, dukkansu a kan dogo mai faɗin milimita 9. Idan fentin da ka shafa ya yi kaurin takardar rubutu, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, kamar ka yaɓa wa jirgin gaske fenti mai kaurin santimita ɗaya da rabi ne. Filasta ke nan. A ma'aunin HO, ɗaya cikin 87, da OO na Ingila, ɗaya cikin 76, waɗanda ke gudu a dogo mai milimita 16.5, wannan kaurin bai kai santimita ɗaya ba. Da ɗan sauƙi, amma ya isa ya binne kawunan ƙusoshi. Saboda haka duk muhawarar da masu wannan harka suke yi kan fenti, idan ka tace ta, tambaya ɗaya ce: wane fenti ne zai rufe roba ba tare da ya cika ramuka ba, kuma da me za a ɗora shi?

Fenti iri uku ne a kasuwar. Akwai fentin ruwa, wanda ake kira akirilik, irin na Tamiya na Japan da Vallejo na Sifen. Akwai fentin mai, inamel, wanda sarkinsa shi ne Humbrol, ɗan gwangwani mai mililita 14 da ya samo asali daga garin Hull, yanzu kuma yana hannun kamfanin Hornby tun 2006. Na uku shi ne fentin tina, irin su Mr. Color, ɗan'uwan wanda masu fentin mota suke fesawa. Wannan na ukun ya fi kowanne laushin fuska da ƙarfin kamu, yana bushewa nan take, sai dai warinsa ba na cikin ɗaki ba ne, kuma idan ka shafa shi da burushi a kan roba tsirara yana iya cinye ta. Wanda ba shi da wurin feshi mai fitar da iska waje ya bar shi tukuna. Zaɓin gaskiya ga mai farawa tsakanin biyun farko yake.

Mu fara da burushi a hannu, tunda da shi kowa yake farawa. Nan fentin mai ya yi wa na ruwa fintinkau. Yana daɗewa bai kama ba, don haka bayan ka ja burushi fentin yana bazuwa da kansa, sawun gashin ya kwanta. Kana da lokacin komawa ka gyara gefe. Fentin ruwa ba ya jira. Na Tamiya musamman, wanda akwai sifirit a cikinsa, idan ka ja sau ɗaya ka dawo ka sake ja a wurin, burushin zai kwaso na farkon ya dunƙule maka shi kamar tuwon da ya yi gudaji. Vallejo ya fi haƙuri da burushi, shi ya sa ake son sa wajen fentin direba da ɗan wuta, da fitilu, da bututun birki. Amma shi ma yana da nasa halin: bai cika riƙe roba da kyau ba idan ba a yi shimfiɗar farko ba, wato fentin ƙasa da ake fara sawa don na sama ya kama. Ka liƙa salatif ɗin rufe gefe, ka ɗaga, ya biyo shi kamar fatar da ta ƙone.

Humbrol kuwa abin da yake nema a wurinka shi ne juyi. Garin launin yana kwanciya a gindin gwangwani. Girgizawa ba ta isa ba, sai ka sa tsinke ka juya minti biyu ko uku har ka daina jin tauri a ƙasa. Wanda ya yi ganda a nan zai sha mamaki: fentin da ya kamata ya fito a dushe sai ya fito yana ƙyalli, ko ya yi kwanaki yana danƙo.

Sai maganar bushewa, kuma a nan ne shawarar mutanen Ingila da Jamus ba ta cika yi mana daidai ba, domin yanayinsu daban. Fentin mai yana ɗaukar sa'o'i kafin ya daina kama yatsa, ana so a ba shi daga sa'a shida zuwa kwana guda kafin a ƙara wani a kai, kuma bai gama ƙwari ba sai warinsa ya tafi, abin da kan kai kwanaki. A cikin hunturu, lokacin da ƙura take shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko da ka toshe da tsumma, waɗannan sa'o'in bala'i ne. Ƙwayar ƙura ɗaya a rufin kan jirgin N girmanta ya kai tsakuwa. Maganinta shi ne robar abinci mai murfi: kana gama shafawa ka kifa ta a kai, ka ɗan ɗaga gefe da tsinke don wari ya fita, ka manta da shi sai gobe. Fentin ruwa ba shi da wannan matsala, cikin minti goma ya kame. Tasa matsalar akasin haka ce. Idan iska ta bushe ƙwarai, fentin yana daskarewa a bakin allurar abin feshi, wani lokaci ma ya bushe a iska kafin ya sauka, ya bar maka fuska mai kaushi kamar samfefa. Ana sayar da ruwan jinkirta bushewa, ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, sannan ka matso kusa ka rage ƙarfin iska. Da damina kuma ruwa ne yake taruwa a bututun kwamfireso, injin da yake tura wa abin feshi iska, kana cikin feshi sai ya tofo maka ɗigo a tsakiyar aiki. Kwamfireso marar tarkon ruwa bai cancanci kuɗinka ba.

Idan aka auna biyun, ni dai na fi iya zama da saurin bushewa a kan jinkirinsa. Saurin ana iya rage shi da ɗigon magani. Ƙura kuwa ba ta da magani sai haƙuri.

Ta fuskar launi, da can fentin mai ne yake da rinjaye, don kamfanonin da suka kwaikwayi ainihin launukan jiragen ƙasa da shi suka fara. A Ingila akwai Phoenix Precision da Railmatch, inda za ka sami shuɗin British Rail da rawayan goshi da koren kawunan jirgi masu tururi an haɗa su daidai. A Amurka mutane sun daɗe suna dogara da Floquil da Polly Scale har aka daina yin su a 2013, wasu suka koma Tru-Color da Scalecoat. Tamiya da Vallejo ba don jirgin ƙasa aka tsara launukansu ba, sun fi karkata ga tankoki da jiragen yaƙi da motoci, saboda haka sau da yawa sai ka haɗa da kanka. Amma kada wannan ya tayar maka da hankali fiye da kima. Jirgin da ya shekara biyar a rana da ruwa ba launin ranar da ya fito daga masana'anta yake ɗauke da shi ba. Ƙaramin abu kuma ido yana ganin sa da duhu fiye da babba, shi ya sa gwanaye suke ƙara ɗan fari ko toka-toka a kowane launi. Baƙi ƙirin shi ne babban tarko. Ka fesa wa kan jirgi mai tururi XF-1 na Tamiya ko lamba 33 ta Humbrol zalla, duk bututu da ƙusoshi su ɓace cikin duhu. XF-69, baƙi mai ɗan sirkin toka, ya fi fito da su. Rawaya da ja kuwa ko na wane iri ne ba sa rufe abin da ke ƙasa. Goshin rawaya sai an shimfiɗa masa fari tukuna, in ba haka ba za ka yi ta ƙarawa har sau biyar, ka koma gidan jiya na kauri.

Akwai kuma maganar samu. Fentin mai da na tina suna cikin kayan da ke kama wuta, saboda haka 'yan kasuwa da yawa ba sa aiko su ta jirgin sama. Irin Vallejo, wanda ruwa ne tushensa, ya fi sauƙin isowa. Wannan kaɗai ya isa ya yanke wa mutum hukunci idan daga waje yake odar kayansa. Kuma kada kwaɗayin araha ya sa ka tsinka fentin mai da fetur ko tinar masu fentin mota. Farin sifirit na masu zane shi ne nasa. Tamiya yana da nasa ruwan, X-20A.

To, da me za a ɗora? Abu uku ne a gabanka: burushi, gwangwanin feshi, da alƙalamin feshi, wato 'yar ƙaramar bindigar fenti mai allura da ake riƙewa kamar biro, irin na Iwata ko Badger ko Harder & Steenbeck. Gwangwani ba shi da tsakiya, ko ya rufe baki ko ya yi ambaliya. Ya dace da shimfiɗar farko da banish na ƙarshe, ana wucewa da shi da sauri daga nesan santimita 20 zuwa 30, a fara danna shi kafin a iso jikin jirgin, a saki bayan an wuce. Alƙalamin feshi shi ne kaɗai yake ba ka fenti sirara yadda ma'aunin N yake buƙata. Mai bakin milimita 0.3 ya isa komai, iska tsakanin PSI 15 da 20 a agogon kwamfireso, fenti a tsinke kamar madara. Sau uku sirara ya fi sau ɗaya mai kauri. Na farko ma za ka ga kamar ba ka yi komai ba, nan ne hannu yake ƙaiƙayi, nan kuma ake ɓata aiki. Wahalarsa ita ce kuɗi, da wutar lantarki, da wanki. Feshin minti biyar yana jawo wankin minti goma sha biyar, kuma a nan fentin ruwa ya sake cin riba, domin wanke fentin mai yana nufin ka fesa sifirit a iskar da kake shaƙa. Ko da na ruwa ne, hazon feshi ba abin shaƙa ba ne. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin tina, sai mai matata ta gawayi.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Idan za ka sauya wa kan jirgin N launi gaba ɗaya, ba alƙalamin feshi, to ka bar shi da fentin masana'anta. A HO da OO mai haƙuri zai iya fita kunya da faffaɗan burushi mai laushi da fentin mai da aka tsinka sosai, musamman a baƙin kan jirgin kwal wanda daga baya za a dattanta shi. Amma dogon gefen dizal mai santsi ba ya rufa wa burushi asiri.

Kafin fenti akwai ƙananan kaya, kuma su ne ake fara sakawa. Tsofaffin samfura suna zuwa da maƙallan hannu da aka zubo tare da jiki, kamar jijiya a bayan hannu. Ana kankare su da kaifin wuƙa, a huda rami da ɗan abin huji na hannu, a lanƙwasa waya a saka. Maƙallin jirgin gaske kaurinsa wajen santimita uku ne, ke nan a N wayar milimita 0.2 kake nema, a HO da OO kusan 0.4. Ka sayi bakin huji da yawa, suna karyewa kamar tsinken tsintsiya. Sababbin samfura na Kato da Bachmann da Dapol da Hornby sun rage wannan aiki, galibi za ka tarar da 'yar leda a kwali ɗauke da bututun birki da ƙugiya, naka kawai ka liƙa da hantsaki. Abu biyu za ka kiyaye. Sufa gulu yana fitar da tururin da yake sa gilashin taga ya yi fari fat, don haka kusa da taga farin gam na kafintoci ake sawa. Sannan wasu maƙallan an yi su da wata roba mai santsi da ake kira Delrin, wadda ba fentin da yake kama ta da gaske, na ruwa ko na mai. Ana ɗan goge ta, a shafa sirara, a daina taɓawa. Kayan tagulla kuwa suna da tasu shimfiɗar mai cizon ƙarfe. Abin da ya fi komai canza kamannin kan jirgi mai tururi kuma kyauta ne: ka daka ɗan guntun kwal, ka tankaɗe, ka zuba a kan kwal ɗin roba da ke taragon baya, ka ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa.

Jikin kuma cire shi ake yi daga kan inji, a zare gilasai, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun kwanuka don maiƙon hannu ya fita. Tsohon fenti sau da yawa yana sakin jiki idan aka jiƙa shi a sifirit mai ƙarfi na isofurofil, a bi da tsohon burushin haƙori, amma ka fara gwadawa daga ciki, don ba kowace roba ce take jurewa ba. Ƙafafun jirgin ta nan yake shan wuta daga dogo. Fenti ya taɓa inda suke taka dogo, ko 'yan ƙarafan da ke gogar bayansu, jirgi ya tsaya cik.

Lambobi da tambari suna zuwa a takardar da ake jiƙawa a zamo da su. Ba sa son fuska mai dushe, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi ƙyallin azurfa. Sai an fesa banish mai sheƙi irin X-22 na Tamiya, a ɗora su, a ɗiga Micro Set da Micro Sol, ruwan da ke tausasa su, su lafe cikin ramuka, sannan a rufe da banish marar sheƙi.

Yanzu ga inda fentin mai yake rama kayen da ya sha. Jirgin da yake aiki ba ya tsabta. Dizal yana da baƙin hayaƙi a rufi kewaye da salansa, da jar ƙurar birki a ƙasa, da maiƙo a bakin tanki. Mai tururi yana da farin sawun ruwa da ya zubo ya bushe, da toka kusa da murhu, da giris a sandunan ƙafafu. Idan ka yi jikin da fentin ruwa ya ƙwarara, ka iya tsinka fentin mai ya zama kamar ruwan shayi, lamba 33 da lamba 62 na Humbrol, baƙi da ruwan ƙasa, a haɗe, ka ɗiga a layukan ƙofa da raga. Da kansa zai bi rami. Bayan minti ashirin ka ɗauki auduga a tsinke, ka ɗan jiƙa ta da farin sifirit, ka ja daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama yake gangarowa. Abin da ya yi yawa ya fita, na cikin rami ya zauna, fentin ƙasa kuma ko gezau, domin farin sifirit ba ya narkar da busasshen fentin ruwa. Ka yi kuskure ka goge ka sake. Da fentin ruwa za ka yi wannan aiki, inda ya sauka nan ya zauna, da zobensa. Da kuma jikin fentin mai ne, sifirit ɗin zai iya taso da shi. Shi ya sa na daina kallon su a matsayin kishiyoyi: na ruwa a ƙasa, na mai a sama. Abin da ba a yi shi ne ɗora fentin tina a kan fentin mai, zai yamutse kamar fatar tsohuwa.

Ka ajiye hoton jirgin gaske a gabanka lokacin da kake wannan aiki. Dattin da aka yi da ka kullum yana yin yawa, kuma yana sauka inda ba ya sauka.

Wanda burinsa ya ga irin jiragen da suka saba tsayawa a tashar Kano ko Zariya, shi ba makawa sai ya koyi feshi, domin da wuya ya samu a kwali. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a HO yake daidai da dogo mai milimita 12. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435 ne, dogon HO na yau da kullum ya yi masa.

Idan yau za ka fara kuma kuɗinka ƙalilan ne, kada ka sayi kwamfireso. Sayi gwangwani biyu na Humbrol, 33 da 62, da farin sifirit, da burushi mai lamba 0 da mai lamba 2, da allin zane baƙi da ruwan ƙasa da za ka kankare ya zama gari. Fentin masana'anta galibi yana jure farin sifirit, amma gwada a ɓoyayyen wuri. Ka fara da tsohon taragon kaya na hannu, gefe ɗaya kawai, ka ajiye shi kusa da wanda ba ka taɓa ba ka duba su da hasken safe. Idan ka yi tarago biyar hannunka ya faɗa, sai ka matsa ga kan jirgi. Ranar da ka ga lallai sai ka sauya launi, ranar ce ta sayen alƙalamin feshi da kwalaben Tamiya, kuma cokulan roba na shinkafar biki za ka fara fesawa kafin ka kusanci jirgin.